An yi mini tiyata, manaja ya ce ɗalibi ba shi da kuɗin jinya

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce, ina digiri na biyu a wata jami'a a arewacin Ingila, da bizar karatu na zo. Wata bakwai ke nan ina aiki a wani sito inda muke shirya kaya a kwalaye, Juma'a da Asabar da Lahadi, awa 16 a mako, ana biyana fam 12.21 a awa. Takardar aikina irin wadda ba a yanke wa mutum adadin awoyi ba ce, amma kwanakin nan uku nake yi tun da na fara. A watan Janairu ciwon ciki ya kayar da ni, aka kwashe ni asibiti cikin dare, ashe afendiks ne ya fashe, aka yi mini tiyata. Likita ya ba ni takarda ta mako shida. Washegari ina kan gadon asibiti na tura wa manajanmu saƙo. Da na yi masa maganar kuɗin jinya sai ya ce ɗalibai ba su da shi, kuma bizata ta hana ni karɓar kuɗin gwamnati. Wata ƙawata ta ce in nemi Universal Credit kawai, tallafin da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi, ita ma tana karɓa. Biyan haya ya matso. Ban gaya wa iyayena ba don kada hankalinsu ya tashi, makaranta ma ban sanar da su ba. Ina tunanin komawa aiki mako mai zuwa ko da ɗinkin bai gama warkewa ba. Me zan yi?

Wata ɗaliba a Ingila

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Kada ki koma sito mako mai zuwa. Wannan na fara faɗa miki, domin duk sauran maganar kuɗi ce, kuɗi kuwa ana bin sawunsa daga baya. Ɗinkin ciki idan ya buɗe a ƙarƙashin nauyin kwali, mako shidan nan ya koma wata uku, karatun da kika ƙetaro dominsa shi ma ya shiga matsala.

Maganar manajanki guda biyu ce ya haɗa, kuma duka biyun ba haka suke ba. Ba zan ce da gangan ya yi ba, domin da yawa daga cikin masu kula da ma'aikata a irin waɗannan wurare ba su taɓa buɗe ƙa'idar sun karanta ba, abin da suka ji a bakin wani suke maimaitawa. Amma rashin saninsa ba zai zama asararki ba.

Akwai kuɗin jinya da doka ta wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikata a Birtaniya, wanda ake taƙaita sunansa da SSP. Dokar ba ta tambaya ko ke ɗaliba ce, ko rabin lokaci kike yi, ko an yanke miki awoyi a takarda. A ƙa'idar da ta shafi ciwonki, ta kafin Afrilu 2026, abin da take tambaya shi ne: ke ma'aikaciya ce da ake biya ta tsarin albashin kamfani, kin riga kin fara aikin, kin yi aƙalla kwana huɗu a jere ba ki da lafiya, kuma matsakaicin abin da kike samu a mako ya kai ma'aunin da aka sa? A shekarar haraji ta 2025 zuwa 2026 ma'aunin fam 125 ne a mako, kuɗin jinyar kuma fam 118.75 a mako, har tsawon mako 28 in ciwon ya ja.

Batun biza kuma, gaskiya ne an rubuta miki cewa ba ki da damar cin kuɗin tallafin gwamnati. Sai dai wannan kalma tana da jerin sunaye a dokar shige da fice, ba duk kuɗin da ke da alaƙa da doka ba ne ya shiga ciki. Universal Credit yana ciki, tallafin haya yana ciki, kuɗin yara yana ciki, PIP na masu larura ta dindindin yana ciki. SSP ba ya ciki. Daga aljihun kamfani yake fitowa, a cikin takardar albashinki zai bayyana, ranar da aka saba biyanki. Tun 2014 ma gwamnati ta daina mayar wa kamfanoni abin da suka biya na wannan kuɗi a tsarin yau da kullum, kuma ina zargin wannan na cikin abin da ke sa wasunsu nauyin hannu idan an zo maganar.

Yanzu ɗauko takardun albashinki mu yi lissafi tare. Ana duba mako takwas ɗin da suka gabaci ranar biya ta ƙarshe kafin ki kwanta, a haɗa abin da kika samu kafin a cire haraji, a raba. Idan duk mako ake biyanki, abin da kike nema shi ne jimlar ta kai fam 1,000. Awa 16 a kan fam 12.21 ya ba da fam 195.36 a mako. Ko da a ce cikin makonnin nan takwas kin yi biyu ba ki je ba sam saboda jarrabawa, shida ɗin da suka rage sun ba ki fam 1,172.16, in an raba gida takwas ya zama fam 146.52. Kin haye. Wanda wannan ma'auni yake kayarwa a waccan shekarar harajin shi ne mai yin awa 10 a mako a kan wannan farashi, domin fam 122.10 yake samu, ƙasa da fam uku ne suka raba shi da haƙƙin. Haka mai aiki biyu ƙanana a wurare daban-daban: ba a haɗa masa albashin, kowane kamfani nasa lissafin yake yi.

Ga inda abin zai ɗan yi miki ciwo. A ƙa'idar da ta shafi ciwonki, ba a biyan kwanakin aiki uku na farko. Ga mai aiki Litinin zuwa Juma'a wannan rabin mako ne da ɗan wani abu. Ke da kike yin kwana uku, mako guda cur ne ya tafi. Saboda haka a mako shidan da likita ya ba ki, biyar za a biya, wato fam 593.75. Bai kai albashinki ba, na sani, amma ba abin da za a bar wa kamfani ba ne, musamman ga mai haya a wuya.

Wannan rashin adalci na kwana uku da na ma'aunin albashi an daɗe ana kuka da shi, kuma sabuwar dokar haƙƙin ma'aikata ta 2025 ta taɓa shi. Daga 6 ga Afrilu 2026 biya yana farawa ne daga ranar farko, an cire sharaɗin fam 125, mai ƙaramin albashi yana samun kashi 80 cikin 100 na matsakaicin abin da yake samu ko kuma adadin da gwamnati ta yanke na mako, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Mai samun fam 100 a mako, wanda a da ba shi da ko sisi, zai tashi da fam 80. Naki ciwon na Janairu ne, tsohuwar ƙa'ida ce ta hau kansa, amma ki riƙe wannan saboda gaba, ki kuma gaya wa abokan aikinki ɗalibai.

Abu biyu kin riga kin yi daidai ba tare da kin sani ba. Kin sanar da su da wuri: doka ta ce a bi wa'adin da kamfani ya sa, in bai sa ba to cikin kwana bakwai. Saƙon nan da kika tura daga gadon asibiti, ki ɗauki hotonsa yau, da kwanan wata da lokaci suna bayyane, ki ajiye a imel ɗinki. Na biyu, kina da takardar likita. Kwana bakwai na farko mutum da kansa yake shaida rashin lafiyarsa, bayan nan ne ake neman takarda. Ki duba taki da kyau, akwai gurbi biyu a jikinta: ɗaya yana cewa ba za ki iya aiki ba, ɗaya yana cewa za ki iya idan an sassauta miki, misali a raba ki da ɗaga kaya ko a rage awoyi. In na biyun aka yi wa alama kuma kamfani ya ce ba shi da aiki mara nauyi da zai ba ki, to matsayinki daidai yake da wadda aka ce ba za ta iya ba, kuɗinki yana nan.

Wata bakwai da kika yi a jere shi ma hujja ne a hannunki. Masu irin takardar aikinki akan ce musu ai ba a sa ku a jadawalin mako mai zuwa ba, saboda haka babu ranar aikin da kuka rasa. Wadda ta shafe fiye da wata uku tana zuwa kwanaki iri ɗaya ba ta faɗa cikin wannan rami da sauƙi. Ki tattara jadawalin da aka riƙa turo miki.

Daga nan ki daina magana da baki. Ki rubuta imel zuwa sashen albashi ko ofishin ma'aikata, ki sa manajan a kwafi. Gajere, babu faɗa, babu roƙo. Ki ce ba ki da lafiya tun ranar kaza, kin sanar ranar kaza, ga takardar likita a haɗe, matsakaicin albashinki na mako takwas fam kaza ne, kina neman a biya ki SSP. Sannan ki ƙara jimla ɗaya wadda ita ce ƙashin bayan wasiƙar: idan kamfani yana ganin ba ki cancanta ba, ki ce a aiko miki da fom SSP1 ɗauke da dalili. Wajibi ne su ba da wannan fom ga wanda suka hana, cikin kwana bakwai da fara jinyarsa, kuma a jikinsa akwai jerin dalilan da doka ta yarda da su. “Ɗaliba ce” ba ya cikin jerin. Sau da yawa a nan maganar take mutuwa, domin wanda ke sashen albashi ya san fom ɗin, ya san ba shi da gurbin da zai cike.

In sun yi kunnen uwar shegu, ko suka aiko da dalilin da ba ki gamsu ba, hukumar haraji ta HMRC tana da sashe na musamman mai raba gardama kan irin waɗannan kuɗaɗe na doka. Kyauta ne, ba kya buƙatar lauya, amma kada ki bari wata shida ya wuce. Kafin nan kina iya kiran Acas, hukumar da ke ba da shawara kan saɓanin ma'aikaci da mai aiki, ko ki je Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kyauta. Mafi kusa da ke kuma ofishin shawara na ƙungiyar ɗaliban jami'arku, wanda ba ya ƙarƙashin shugabannin makaranta, kuma irin wannan ƙorafi abincinsu ne na kullum.

Na san abin da ke ranki wanda ba ki rubuta ba: in na matsa, za su daina ba ni aiki. Ba zan yi miki ƙarya ba, mai irin takardarki yana cikin wannan haɗari, domin ba sai an kore shi ba, a daina kiransa kawai. Doka ta ce wanda ya yanke aikin mutum don gudun biyan kuɗin jinya, biyan yana nan a kansa, amma tabbatar da niyya aiki ne. Duk da haka ki auna. A gefe guda fam 593.75 da kika riga kika cancanta, a ɗaya gefen wurin da ya ga kin fito daga tiyata ya ce ba ki da komai. Mun taso da kawaici, muna ganin tambayar haƙƙi kamar rashin kunya ce, musamman a ƙasar da muke baƙi. Kunyar mara kunya kuwa asara ce. Na zauna da wani yaro shekarun baya, yana wankin kwanuka a wani gidan abinci, zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi mako uku. Ya zo mini da takardun albashinsa a ninke cikin leda, duk sun cika sharaɗi, amma ya ce shi dai ba ya son a ce ya cika fitina. Da ƙyar ya yarda muka rubuta layi biyar. A albashin da ya biyo baya kuɗin ya shigo, ko amsar imel ɗin ba su yi ba.

Ki kuma buɗe takardar aikinki da littafin ƙa'idojin ma'aikata. Wasu kamfanoni suna da nasu tsarin jinya da ya fi na doka, ba za su iya biyan ƙasa da SSP ba amma suna iya fin sa. Sannan hutun shekara: ko mai rabin lokaci yana tara hutu mai albashi, mako 5.6 a shekara gwargwadon aikinsa, ga marasa tsayayyun awoyi kuma ana lissafa shi a kan kashi 12.07 cikin 100 na awoyin da suka yi. In ba a riga an riƙa zuba miki kuɗinsa cikin albashi ba, a wata bakwai kin tara abin kirki, kuma kina da damar neman a ba ki hutun a lokacin jinya don ki sami cikakken biya na waɗannan kwanaki. Ke ce mai zaɓin, ba za a tilasta miki ba.

Sai maganar ƙawarki. Ban san matsayinta ba, wataƙila tana da takardar zama ta dindindin, wataƙila tana da yaro. Ke dai kada ki cike wannan fom. Universal Credit yana cikin abin da bizarki ta haramta ƙarara, karɓarsa saɓa sharaɗin zama ne, yana iya jawo a yanke bizar ko a ƙi ki a nema na gaba, har da bizar aiki ta bayan kammala karatu. Garin neman ƙiba a samo rama ke nan. Haka idan wani ya kawo miki shawarar ki riƙa ɗan saye da sayarwa ko wani aiki na ƙashin kanki daga ɗaki kafin ki warke, bizar karatu ba ta yarda da sana'ar kai ba. Kuma bayan kin warke kada ki ce za ki rama asara da ƙarin awoyi: iyakar awa 20 a lokacin zangon karatu ta kowane mako ce, ba a ɗauko ragowar wani mako a ɗora wa wani.

Akwai wani tallafi na waɗanda ciwo ya hana aiki mai suna ESA na sabon tsari, wanda ya dogara da abin da mutum ya zuba na inshorar ƙasa. Shi ba ya cikin jerin da aka hana ki, ɗalibi ma yana iya nema, amma ana duba cikakkun shekarun haraji biyu da suka wuce, kuma ba a haɗa shi da SSP. Wadda ta yi wata bakwai kacal tana aiki a ƙasar ba ta tara abin da ake nema ba. Na ambata ne saboda masu karatu da suka daɗe.

Su ma ɗaliban da aka haifa a nan ko suke da zama na dindindin kada su ɗauka ƙofar Universal Credit a buɗe take. Mai karatu na cikakken lokaci a jami'a yawanci ba ya samu, sai in yana da yaro a hannunsa, ko yana zaune da miji ko mata mai cancanta, ko yana karɓar kuɗin larura irin PIP kuma an riga an tantance ƙarancin ƙarfinsa na aiki kafin ya fara kwas. Ko ya samu, rancen ciyarwa na ɗalibai ana lissafa shi a matsayin kuɗin shiga. Abin da ya fi yi musu amfani shi ne hukumar rancen ɗalibai ta Ingila tana ci gaba da biyan kuɗin ciyarwa har kwana 60 ga wanda ya dakatar da karatu saboda ciwo, kuma akwai tallafin karatu mai suna DSA ga ɗalibi mai larura mai daɗewa.

Mu dawo kanki. Ɓoye wa makaranta shi ne kuskuren da ya fi damuna a wasiƙarki, ya fi na manaja. Jami'a ce ta tsaya miki a biza, kuma wajibi ne a kanta ta lura da halartarki. In kin ɓace ba bayani, a takarda kin zama wadda ta watsar da karatu. In kin kai takardar asibiti, kin zama mara lafiya mai uzuri, a ɗaga miki wa'adin aikin gida, a sake miki ranar jarrabawa ba tare da an rage maki ba. Kowace jami'a tana da fom na uzuri kuma yana da wa'adi, wasu gajere ƙwarai. Amma kafin ki sa hannu a kan duk wata takardar dakatar da karatu, ki zauna da mai ba ɗaliban ƙetare shawara kan biza. Hutun da ya wuce kwana 60 yakan sa jami'a ta janye tsayawar da ta yi miki ta sanar da Ma'aikatar Cikin Gida, daga nan a gajarta bizar. Mako shida kwana 42 ne, kina cikin iyaka, kuma wataƙila ma ba sai kin dakatar ba. Ƙungiyar UKCISA, mai kula da al'amuran ɗaliban ƙetare a Birtaniya, ita ma tana ba da bayani kan irin wannan.

A wannan zaman ki tambayi asusun agajin ɗalibai. Yawancin jami'o'i suna da shi, da yawa suna buɗe wa 'yan ƙetare idan abin da ya same su ba zato ba tsammani ne, kuma kuɗin jami'a ne, ba ya taɓa bizarki. Za su nemi bayanan asusunki na banki, takardar haya da ta asibiti. Mai gidan haya kuma ki rubuta masa tun kafin ranar biya, ki faɗi abin da za ki iya bayarwa yanzu da ranar da za ki cika. Wanda aka gaya wa tun da wuri ya fi sauƙin kai a kan wanda ya duba asusu ya ga wayam.

Jinyar kanta kin riga kin biya, fam 776 na kowace shekara da aka karɓa lokacin neman biza shi ne ya ba ki damar asibitin gwamnati na NHS, saboda haka kada ki ji nauyin komawa a duba ɗinkin ko a ƙara miki kwanaki in jikin bai yi ƙwari ba. Magani a Ingila fam 9.90 ne kowane guda da likita ya rubuta, amma akwai fom HC1 na masu ƙaramin ƙarfi, ɗalibin ƙetare yana iya cikewa, kuma ba ya cikin kuɗin da aka hana ki.

Iyayenki kuma, ƙanwata, ni uwa ce. Da 'yata ce aka yanka cikinta a wata ƙasa ta yi shiru, ranar da na ji, shirun zai fi tiyatar yi mini ciwo. Ba sai kin ɗora musu maganar haya ba in kin san ba su da hali. Ki kira Mama ta bidiyo da rana, bayan kin ci abinci kin ɗan sami ƙarfi, ta ga fuskarki kina zaune kafin ki fara ba ta labari. Sannan ki tura imel ɗin nan kafin Juma'a, duk amsar da suka ba ki ki turo mini mu duba tare.